Daga Putney Zuwa Jos: Wa Ya Ce Talaka Bai Isa Ba?

Har gobe a zangon Agege da Sabon Ibadan ba a rasa mai kishingiɗa kan huhun goro yana cewa wai zaɓe harkar manya ce, talaka ya ja bakinsa ya yi shiru. Wannan magana tsohuwa ce, kuma ba a Arewa aka fara ta ba.

A shekarar 1647, bayan sojojin Majalisar Ingila sun karya rundunar Sarki Charles na Ɗaya, hafsoshinsu da wakilan ƙananan soja suka taru a wani coci a Putney, kusa da Landan, suna gardama kan wanda ya cancanci jefa ƙuri'a. Kanar Rainsborough ya kafe cewa matalaucin Ingila ma rai gare shi kamar attajiri, bai halatta a mulke shi ba sai da yardarsa. Janar Ireton, surukin Cromwell, ya ce atafau, sai mai ƙasa da dukiya. Masu ƙasa suka rinjaya. Talakan Ingila bai sami cikakkiyar ƙuri'a ba sai 1918.

Abin takaici, jikokin waɗannan mutane da suka zo mulkin ƙasar nan darasin Ireton suka ɗauko, suka bar na Rainsborough a gida. Suka kuwa sami 'yan amshin shata. A taron Jam'iyyar Mutanen Arewa da aka yi a Jos cikin Disamba 1950 aka raba gari da samarin NEPU na Kano. Laifinsu? Sun ce talaka na da ta cewa kan yadda En'e ke mulkinsa.

Da zaɓen 1951 ya zo a ƙarƙashin tsarin mulkin Macpherson, sai aka kafa wa talaka tsani: ya zaɓi wakili a ƙauye, wakili ya zaɓi wani a gunduma, haka har lardi. A matakin ƙarshe kuma aka ba En'e damar cusa nata mutanen, kashi 10 cikin 100. NEPU ta yi nasara a matakan farko a birnin Kano, amma ko kujera ɗaya ba ta kai gida ba. Wannan zaɓe ne, ko rairaya?

Matan Arewa kuwa, da takwarorinsu na Kudu suka bi layi a 1959, su a gida aka bar su. Sai 1976 aka buɗe musu ƙofa.