"Ganye Ne, Ba Ya Cutarwa": Maganar da Ya Kamata Mu Daina

Ranar da goggona ta dawo Roni daga Kano, bayan ƙarin ruwan maganin kansar mama karo na biyu, kafin magariba ɗakinta ya cika da robobi. Wannan ta kawo jiƙon zoɓo mai kauri, waccan garin zogale ƙulle a leda, wani ɗan'uwa daga Babura ya aiko da kwalbar da ya saya a wurin mai mota da lasifika. Bakinsu ɗaya: "Hajiya, daure ki sha, yana ƙara jini. Ai ganye ne, in bai yi magani ba, ba zai cutar ba."

Ƙauna ce ta sa su, na sani. Amma maganar ba gaskiya ba ce, kuma 'yan boko sun fi kowa yaɗa ta yanzu, tun da suka koyi kalmar filabonoyid. Sinadarai ne da ke cikin albasa, zogale, zoɓo da koren shayi, kuma haƙiƙa masana sun gwada su. Sai dai yawancin gwajin da ake tinƙaho da shi a kan ɓera aka yi: a ɗirka masa maganin kansa mai suna cyclophosphamide har garkuwar jikinsa ta faɗi, a ba shi tataccen sinadari a ma'auni, a ƙirga ƙwayoyin jininsa. Ina wannan, ina tsohuwa mai kansa da kofin silba na jiƙon da ba wanda ya san ƙarfinsa?

Masu cewa ganye ba ya cutarwa sun manta cewa wasu magungunan kansar ma daga tsiro aka samo su. Vincristine daga wata fulawar Madagaska yake, paclitaxel daga ɓawon itace, kuma suna zubar da gashi. Abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin ɓarna. A 2002, likitoci a Rotterdam ta ƙasar Holan sun ga cewa ganyen St John's wort ya rage ƙarfin maganin irinotecan a jinin majinyata da kashi 42 cikin ɗari. A 2009, masu bincike a Kalifoniya sun nuna cewa filabonoyid ɗin koren shayi yana toshe aikin bortezomib, maganin wata kansar ɓargo. Shi ma wannan a ɓera da ɗakin gwaji ne, amma wanda ya yarda da ɓera in ya faɗi daɗi, sai ya saurare shi in ya yi gargaɗi. Iyali su sayar da tumaki da buhunan gero su biya allura, sannan kwalbar kasuwa ta rage mata ƙarfi!

Ban ce a hana mara lafiya miyar zogale ko albasa a tuwo ba. Abinci ne, a dafa shi sosai ta ci. Rigimata da tatacce ce, da garin da ake kamfata da cokali, da ɓoye wa likita. Su ma likitoci da laifinsu: wanda ya yi wa majinyaci tsawa don ya ambaci maganin gargajiya, ya koya masa yin shiru.

Babbar ɓarnar wannan imani ita ce sakankancewa. Maganin kansa yana taɓa ɓargo, fararen ƙwayoyin jini su ragu, galibi su kai ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan ƙarin ruwan. A wannan tsakani, zafin jiki da ya kai 38 a ma'auni na iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga jini, kuma awoyi kaɗan sun isa ta kashe. Akwai allurar filgrastim da ke taimaka wa ɓargo, tun 1991 ake amfani da ita, likita ne ke rubuta ta.

A dare na goma bayan ƙarin ruwan, jikin Goggo ya yi zafi rau, tana rawar sanyi cikin bargo biyu. Aka ce zazzaɓin sauro ne, a ƙara mata jiƙo, da safe a gani. Na karɓe kofin daga hannun ƙanwarta, na fita neman mota. Sai da na buga ƙofa uku kafin na sami direban da ya yarda ya kai mu Kano cikin daren.