Zuwa ga ma'aikatan jinya na Baguida da Zongon Lome

 

Kun san marasa lafiyan da nake nufi: ɗan zemijan (acaɓa) da mota ta buge a kan titin Aneho, ko yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau wa ka har ya suma. Abin da ke kashe su sau da yawa shi ne matsin da ke hauhawa a cikin ƙoƙon kai. A Blantyre ta ƙasar Malawi, binciken da aka buga a 2015 ya nuna kumburin ƙwaƙwalwa ne ke ɗauke yawancin yaran da wannan zazzaɓi ya kashe.

Ido ƙofa ce ta gane wannan matsin. Jijiyar gani tana cikin wani kube da ya haɗe da rufin ƙwaƙwalwa, ruwansu ɗaya. Matsi na ƙaruwa, kuben sai ya buɗe, na'urar sikanin kuwa tana ganinsa.

Ku ɗauki miƙaƙƙen kan na'urar, ba lanƙwasasshen da ake duba masu juna biyu da shi ba, ku rage ƙarfinta. A rufe idon, a zuba man sikanin da yawa, hannunku ya jingina da goshi ko karan hanci don kada nauyi ya sauka a kan ƙwayar ido. Ku auna faɗin kuben milimita 3 a bayan ƙwayar, a ido biyu, ku maimaita. Ga babba, abin da ya haura milimita 5 ya isa ya tayar muku da hankali. Ga yaro ma'aunin bai kai haka ba. In kuna zaton idon ya fashe, kada ku taɓa shi sam.

Ga roƙona, kuma a kansa na rubuto. Awon nan na gaggauta tafiya ne, ba na jinkirta ta ba. Kuskuren rabin milimita abu ne mai sauƙi, musamman ga hannun da bai saba ba. In mutum yana amai, hankalinsa na dusashewa, ko baƙin idonsa ɗaya ya buɗe, to ko awo ya yi kyau ku ɗaga kansa, ku nemi mota zuwa asibitin Sylvanus Olympio a yi masa hoton kai. Ku rubuta awon da lokacinsa a takardar da za ta bi shi.

Ku riƙa gwadawa a kan idon masu lafiya, ƙarƙashin wanda ya ƙware, tun kafin daren da za ku buƙace shi.

Wassalam.