Farantan Sola: Wa Ke Kula Da Masu Hawa Rufi?

Tun daga watan Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur, musamman kuma bayan duhun da ya lulluɓe akasarin jihohin Arewa a watan Oktoban 2024 sakamakon lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, farantan sola suka yawaita a kan rufin gidaje, asibitoci da shaguna. Wannan abin maraba ne. Sai dai a ra'ayin wannan jarida, an yi wa lafiyar samarin da ke kafa farantan riƙon sakainar kashi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli aikin a Kano ko Kaduna ya san yadda ake yin sa. Matashi ne da silifas a ƙafa, ya taka tsanin da ba a ɗaure ba, ya rungumi farantin da ya fi shi tsawo, wanda nauyinsa kan haura kilo 25, ya hau kwano mai gangara. Da safe raɓa ta sa kwanon santsi, da rana zafi ya jawo jiri, iska kuma ta kaɗa farantin kamar faifai. Wani abin da magidanta da dama ba su sani ba shi ne, farantin yana ba da wuta da zarar rana ta haska shi, ko da ba a haɗa shi da batir ba. Jan wuta kaɗan ya isa ya sa mutum ya saki hannu. Idan ya faɗo, sai a ce tsautsayi ne, a biya kuɗin ɗori, a sallame shi.

A Amurka, doka ta wajabta kariya ga ma'aikacin gini da zarar ya kai tsayin ƙafa 6. Mu ma muna da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa, amma da wuya ta isa ga yaron shagon da ke aiki ba tare da takarda ba.

Muna kira ga hukumar NEMSA, mai ba masu aikin lantarki shaidar ƙwarewa, da ta sanya horon aiki a kan rufi cikin sharuɗɗanta: ɗamarar tsaro da aka ɗaure a jikin turke mai ƙarfi, hular kwano, takalmi mai kama ƙasa, da janye faranti sama da igiya maimakon ɗauka a kafaɗa. Shi kuwa maigidan da ya iya kashe miliyoyin naira a kan batir da inbata, bai kamata ya bar kowa ya hau rufinsa ba sai ya ga waɗannan kaya da idonsa.