Ra'ayinmu: Zaure Ko Shago?

Kowace shekara, da zarar an gama bikin yaye ɗalibai, wasu daga cikin 'yan'uwanmu da suka riƙe kansu a makaranta da sana'ar ɗaukar hoto sukan shiga shawarar inda za su kafa ta: a gida, ko kuwa su kama shago a bakin titi. Mu dai a namu ganin, mai farawa ya fara daga gida.

Ba mu musa amfanin shago ba. Mai wucewa zai hangi allo ya shigo, mai neman hoton fasfo na gaggawa kuwa ba zai bi lungu yana cigiyar gidan wani ba. Amma fa sai an biya hayar shekara guda cur kafin a ɗauki hoto ko ɗaya. Ga harajin ƙaramar hukuma, ga kuɗin wuta, ga man janareta wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafin mai a 2023. Idan ɗan abin da mutum ya tara a shekarar bautar ƙasa ya tafi ga haya, da me zai sayi kyamara ta kirki da fitilu? Bugu da ƙari, babban cinikin mai hoto, wato biki da suna da hawan salla, can wurin taro ake yin sa, kuma ta waya ake kiran mai hoton.

Lalle gida ma yana da nasa cikas, domin a al'adarmu baƙon namiji ba ya wuce zaure. To, ai a zauren nan maɗinka da dukawa suka daɗe suna sana'a ba tare da an keta mutuncin gida ba. Labule mai tsabta da fitila biyu da kujera sun isa, muddin maigida ya amince. 'Yan'uwanmu mata kuwa gida riba ce gare su, don amare da matan aure sun fi sakin jiki gaban mace a cikin gida.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa da kada kunyar a ce “wane ya gama jami'a yana aiki a zaure” ta jefa su cikin bashi. A riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ranar da littafin ya nuna riba za ta ɗauki haya ba tare da an taɓa jari ba, sai a kama shago. Da rarrafe yaro kan tashi. Allah ya ba da sa'a, amin.