Mun iya latsa salula, mun kasa karanta kakanninmu

Bara da kakana ya rasu a Dakoro, aka buɗe gafakarsa. Takardu ne cike, rubutun hannunsa na ajami. Mu jikoki tara muna zaune, wasu da BEPC, biyu da bak, ɗaya ma daga jami'ar Maraɗi ya zo. Wallahi babu wanda ya iya fidda layi guda! Sai da aka kira wani tsohon malami, ya matso da takarda kusa da ido, sannan muka ji sunan kakan kakanmu, da garin da ya baro, da itacen da ya raba gonarmu da ta maƙwabta.

To in malamin nan ya bi kakana fa, wa za mu kira?

Na san abin da wasunku za su ce: ai zamani ya wuce nan. Wane zamani? Ran da rigimar gona ta kai gaban sarki, WhatsApp ne zai yi maka shaida? Wasu kuma su ce sun yi Islamiyya, sun iya baƙi. Ƴan uwa, bugun Hafsi daban, hannun Warash na makarantar allo daban. A wajen tsofaffinmu fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare ta a sama. Wanda bugu kawai ya sani zai ga ƙaf ya karanta fa, sunan mutum ya koma na wani.

Boubou Hama ya gane haka tun da wuri. Rubuce-rubucen Larabci da ajami da ya tara su suka zama tushen taskar IRSH a Yamai. Amma Yamai ba za ta zo ta buɗe akwatin tsohuwarka ba. Birnin Lalle, tsohuwar cibiyar Gobirawa, ga ta nan kusa da mu, amma mu nawa ne za mu iya lissafa kakanni huɗu ba mu yi tuntuɓe ba?

Laifin ba na salula ba ne, namu ne. Hutun nan kowa ya nemi takardun gidansu, ya ɗauki hotonsu, ya zaunar da tsohon da ya iya karantawa, ya naɗi muryarsa, ya kwafe a boko. Sannan ya durƙusa ya koyi hannun da kansa. Gara da ɗigon damina ba su jiran mu gama jarrabawa.