Mahayi Ɗaya a Teburin Majan

Wasan majan ɗan ƙasar Sin ne, amma tun da ya samu gindin zama a Japan a shekarun 1920, Japanawa suka ɗora masa nasu dokokin. Mutum huɗu ke kewaye tebur. Ƙwayoyin wasan 136 ne, iri 34, kowane iri guda huɗu. Ɗan wasa na riƙe da 13, ya ɗauki ɗaya ya yar da ɗaya, har ya haɗa rukuni huɗu masu uku-uku da tagwaye guda. Wani lokaci rukunan duk su kammala, ya rage ƙwaya ɗaya tilo tana jiran 'yar'uwarta. Wannan jira suna kiransa tanki, wato mahayin doki shi kaɗai a fagen daga.

Ba caca nake yi wa talla ba. Gasar ƙwararru ta M.League, wadda aka kafa a 2018, ta haramta wa 'yan wasanta caca. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda suka mai da jira sana'a mai lissafi.

Wanda ke riƙe da ƙwayoyi masu lamba 4 da 5 yana iya ci da 3 ko da 6, ƙwaya takwas ke nan. Mai tanki kuwa ɗaya na hannunsa, uku kacal suka rage. In biyu sun riga sun fito, saura ɗaya, sai su ce yana jiran jahannama, domin ita ɗin ma tana iya kasancewa cikin 14 da ake warewa gefe. Ɗan wasa ya san matsayinsa, saboda kowa yana jera abin da ya yar a gabansa, shida-shida a sahu, a wurin da suke kira kogi. Kafin ya ƙulla rai a kan ƙwaya, sai ya duba kogin kowa ya ƙirga.

Suna da wata tsohuwar shawara: in za ka yi tanki, ka jira ƙwayar da ke ɗauke da alamar Yamma. Dalili shi ne, galibi zagayen Gabas da na Kudu ake bugawa, don haka Yamma ba ta da daraja sai ga wanda ke zaune a kujerar yamma. Sauran da ta zo musu za su yar. Ƙwayar tsakiya kamar 5 kowa na buƙatarta, ba mai sakin ta. Gwani yakan jira abin da mutane za su saki, ko da bai da kyan gani.

Kuma ƙuncin tanki yana da nasa sauƙi. Tunda ƙwaya ɗaya ce, ana iya musanya ta a kowane zagaye ba tare da hannun ya rushe ba. Sai in mutum ya yi shelar riichi, wato ya sanar cewa ƙwaya ɗaya ta rage masa ya ci, ya ajiye sandar maki 1,000 a tsakiya; daga nan ƙofar canji ta rufe.

Nan na tuna da ƙanena. Tun da ya gama bautar ƙasa yake jiran takardar ɗaukar aiki daga wata ma'aikatar gwamnati, shekara uku cur. Kullum wayarsa na gefen tabarma, da ta yi ƙara ya zabura. Mun yi ta ba shi baki da cewa mahaƙurci mawadaci, kuma gaskiya ne. Sai dai ba wanda ya zauna da shi aka ƙirga: gurbi nawa ne, nawa aka riga aka cike, mutum nawa ke harin wannan kujera? Ya ajiye sandarsa a kan ƙwayar da kowa ke riƙewa, alhali a unguwarmu mai haɗa sola sai an yi masa layi.

Lissafin ba baƙonmu ba ne. Dattijon da ke dara a gindin dalbejiya ba ya motsa ɗa sai ya duba gidajen abokin wasansa. A wasa muna yi, a rayuwa ne muke jin kunyar ƙirgawa, kamar yin hakan gajen haƙuri ne ko raunin tawakkali. Ni ban ga haka ba. Wanda ya ɗaure raƙuminsa ma ai tawakkali ya yi.

A makon jiya na sami ƙanen nawa bayan la'asar da takarda da biro. Muka rubuta sunayen abokan karatunsa, da inda kowa ya samu abin yi. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Yaya, mai solar nan yana ɗaukar almajiri kuwa?"