ALJIHUN UWARGIDA: Wa Ya Je Kasuwa Ya Tambayo Farashi a Shekarar Kulle?

  

Cikin wasiƙun da suka iso mini a watan jiya akwai ta wata baiwar Allah daga Zariya, wadda na karanta har sau uku, farko da dariya, daga baya kuma da tausayi. Ta ce duk ranar da ta yi wa maigidanta maganar kuɗin cefane ba sa isa, sai ya ce mata ai shi da kunnensa ya ji a rediyo an ce hauhawar farashi ta sauka, don haka ita ce dai ba ta iya tattali ba. Har abin ya kai sun kwana biyu ba sa ga maciji. Sai ta rufe wasiƙar da tambaya: "Don Allah Anti, su wane ne suke yin wannan lissafi, kuma a wace kasuwa suke cefane?"

Bari in fara sallamar maigida. Idan aka ce hauhawar farashi ta sauka, ba ana nufin kaya sun yi araha ba ne. Mota ce ta rage gudu, amma har yanzu gaba take yi. Wannan ke nan. Sai dai tambayar 'yar uwarmu ta fi haka zurfi, kuma hanyar da na ga ta fi sauƙin amsa ta ita ce mu koma shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta hana masu wannan lissafi fita. Ai sai famfo ya ɗauke ake sanin daga ina ruwa yake zuwa.

Adadin nan da ake karantowa a labarai, ƙafafun mutane ne suke kawo shi. Kowace ƙasa tana da hukumar ƙididdiga, hukumar kuma tana da ma'aikatan da aikinsu ke nan, su shiga kasuwa da kanti duk wata su rubuto farashi. Kuma da ƙa'idarsa: kayan da aka tambaya a watan jiya shi za a tambaya a wannan watan, irinsa, girmansa, a wurin da aka tambaya. Jerin kayan su ake kira kwando, domin an kwatanta shi da kwandon cefanen gida. Kowane kaya kuma da nauyinsa a lissafi, gwargwadon yawan kuɗin da mutane suke kashewa a kansa. Tashin shinkafa ya fi tashin allura nauyi, ko da allurar ta ninka kuɗinta sau uku.

A Amurka, ma'aikatan hukumar ƙididdigar ƙwadago suna tattara farashin kaya kusan 80,000 duk wata, kuma kafin annobar kusan kashi biyu cikin uku na wannan aiki da ƙafa ake yin sa, mutum ya shiga kanti ya gani da idonsa. Ranar 16 ga Maris, 2020, aka ce kowa ya tsaya a gida. Sai aka koma buga waya, da aika saƙo, da leƙa shafukan kantuna a intanet. To, ki kwatanta da kanki. Kantin da yake rufe, wa zai ɗaga waya? Wanda yake buɗe kuma jama'a sun yi masa cincirindo, mai kantin yana da lokacin karanto wa ma'aikacin gwamnati farashin gwangwanin madara? Ga kuma wata matsalar: kaya da yawa sun ƙare ƙaf a kan kanta, irin su man wanke hannu da fulawa da takardar bayan gida. Takardar farashin tana nan manne, kayan babu. Farashin abin da ba za ki samu ba ko kin zo da kuɗinki, me sunansa?

A Ingila abin ya fi fitowa fili, domin hukumarsu ta ƙirga ta faɗa. Cikin kaya sama da 700 da suke kwandonta, a watan Afrilun 2020 kusan guda 90 ba su samuwa kwata-kwata, saboda doka ta rufe wuraren da ake sayar da su. Askin kai, zama a gidan abinci, kallon silima da makamantansu. Idan aka auna da nauyi, kusan kashi 16 cikin ɗari na kwandon ke nan. Ba kuma za a bar gurbinsu haka ba, domin lissafin zai karye. Abin da suka yi shi ne, suka ɗauki yadda sauran kayan da ake samu suka motsa, suka ce to bari mu ƙaddara kuɗin aski ma haka ya motsa. Wato dai a wannan wata an rubuta farashin aski alhali babu wanzamin da ya taɓa kan kowa. Ni ban ga laifinsu ba, tunda ba su ɓoye ba, sun bayyana abin da suka yi dalla-dalla. Amma ya kamata mai sauraro ya sani cewa wani ɓangare na adadin da ya ji a wannan wata kintace ne, ba gani da ido ba.

Indiya kuwa, inda ake bin kasuwannin birni da na ƙauye sama da dubu biyu, hukumarsu ba ta ma fitar da cikakken adadin watan Afrilu da Mayu a kan lokaci ba. Sai daga baya ta fito da na ƙiyasi. A Afirka ta Kudu kuma suka koma bin shafukan manyan kantuna, suna fitar da farashin kayan masarufi mako-mako.

Duk wannan matsalar tattarowa ce. Wadda ta fi shafar mu mata, ita ce ta kwandon kansa.

Nauyin da aka ba kowane kaya an ɗauko shi ne daga yadda mutane suke kashe kuɗi kafin annoba. Amma da aka kulle mutane a gida, sai sayayyarsu ta juye gaba ɗaya. Babu mai hawa jirgi, babu mai kwana a otal, mota na ajiye a ƙofar gida. Kuɗin duk sun koma tukunya. To ki ji abin da ya faru a Amurka a watan Afrilun 2020. Man fetur ya faɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari a wata guda, kuɗin jirgi da na tufafi su ma suka faɗi. Da aka haɗa lissafi sai aka sanar cewa farashi gaba ɗaya ya sauka da kashi 0.8 cikin ɗari, saukar da ba a ga irinta ba tun Disambar 2008. A cikin wannan watan dai, kayan abincin da ake saya a dafa a gida sun tashi da kashi 2.6 cikin ɗari, tashin da ba a gani ba tun 1974. Ƙwai kaɗai ya tashi da kashi 16. Yanzu ki ɗauki matar da take can da 'ya'ya huɗu a gida, babu makaranta, ana ci safe da rana da dare. Rediyo ya ce kaya sun yi sauƙi, ita kuma jakarta ta ce a'a. Wa ya yi ƙarya? Babu. Abin da ya yi arha abin da ba ta saya ne, abin da take saya kuma shi ya yi tsada.

Wani malamin jami'ar Harvard, Alberto Cavallo, ya bi wannan magana da lissafi a shekarar. Ya ɗauko bayanan abin da mutane suke saya da katin banki a lokacin kullen, ya sake gina kwandon a kan haka. Sai ya tarar hauhawar da mutane suke fuskanta a Amurka ta fi wadda hukuma ta sanar, kuma masu ƙaramin ƙarfi sun fi ɗanɗana kuɗarsu, domin su ne abinci ya fi cinye wa kuɗi. Kada ki ɗauka wannan gardamar malamai ce kawai. A can, da wannan adadi ake ƙara wa tsofaffi kuɗin fansho duk shekara, kuma ƙarin da aka yi musu na shekarar 2021 kashi 1.3 ne kacal cikin ɗari. Tsohuwar da ba ta tuƙa mota, ba ta hawa jirgi, arhar fetur ta shiga lissafin abin da za a ba ta.

Daga baya an gyara kwandunan, har da abin dariya. A Ingila an sa man wanke hannu da wandon zaman gida na maza a kwandon 2021, a 2022 kuma aka cire kwat ɗin maza, tunda zuwa ofis ya ja baya. Amma gyara yakan zo ne bayan an riga an sha wuya.

Mu dawo gida, domin mu ma kullen bai bar mu ba. An rufe Legas da Abuja daga 30 ga Maris, Ogun kuma daga 3 ga Afrilu, aka rufe Kano a daren Alhamis 16 ga Afrilu, mako guda kafin a ɗauki azumi ranar 24 ga watan. Daga baya aka riƙa sassautawa Litinin da Alhamis na 'yan awoyi. Wadda ta yi wannan azumin a Kano ba sai na ba ta labari ba. Ni dai na tuna ranakun sassaucin nan, yadda gari gaba ɗaya yake tashi ya nufi kasuwa lokaci guda, kuɗin safe daban, na azahar daban. Sauran ranakun kuwa a cikin unguwa muke sayayya, wajen maƙwabciya mai sayar da kayan miya a tsakar gida, ko mai shagon da ya ja ƙofa ya bar 'yar kafa. Kuɗin ƙullin manja bai canja ba, ƙullin ne ya rame. Kashin tumatir yana nan a kuɗinsa, amma guda biyar sun koma uku.

Ki gaya mini, wace waya ce za ta iya ganin ramar ƙulli? Ma'aikacin da ya je da ƙafarsa zai ga mudun, ya ga ko an cika shi da tozo ko an shafe bakinsa, ya ɗaga ya auna. Wanda ya kira daga nesa kuɗin buɗe baki kawai zai ji, ba kuɗin "na sallama" ba. Intanet kuwa sai dai ta nuna farashin manyan kantuna, inda yawancinmu ba ma zuwa. Shi ya sa nake ganin dabarar da ta ɗan fitar da Turawa kunya a lokacin, a irin kasuwanninmu ba za ta kai ko'ina ba.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ci gaba da fitar da adadinta duk wata. A Afrilun 2020 hauhawar farashi tana kashi 12.34, zuwa Maris na 2021 ta kai 18.17, ta abinci kaɗai kuma 22.95. Ba korona ce kaɗai ta jawo ba, akwai rufe iyakoki tun Agustan 2019, da faɗuwar naira, da rashin tsaron da ya hana noma. Wani abin da hukumar ta yi da ya burge ni shi ne, ta haɗa hannu da Bankin Duniya suka riƙa kiran gidaje 1,950 a waya tun daga Afrilun 2020, suna tambayar su halin da suke ciki. A zagayen farko kashi 85 cikin ɗari na gidajen sun ce kayan abincin da suka dogara da su sun tashi. An gode, an tambayi masu ɗaki inda yake musu yoyo. Sai dai wadda ba ta da waya, ko take ƙauyen da babu sabis, ba ta shiga ba, kuma sau da yawa ita ce abin ya fi yi wa ciwo.

Kwandonmu ma a lokacin ya tsufa tukuf. Kaya 740 ne a cikinsa, nauyinsu kuma an ɗauko shi ne daga binciken da aka yi a gidaje tun 2003 zuwa 2004, zamanin da wayar hannu ta masu hali ce. Sai a farkon 2025 aka sabunta shi. Kuma ga abin da nake zargin maigidan 'yar uwarmu ya ji: an sanar da kashi 34.80 na watan Disambar 2024, na watan Janairun 2025 kuma da sabon kwando aka sanar da 24.48. Ba wai buhun masara ya karye a dare ɗaya ba, ma'aunin aka canja. Cikin canjin har da rage nauyin abinci daga kusan kashi 52 zuwa kusan 40. Gidan da kashi bakwai cikin goma na kuɗinsa a tukunya suke ƙarewa, wannan adadi ba hotonsa ba ne, hoton matsakaicin gida ne na ƙasa baki ɗaya, wanda ni dai ban taɓa shiga cikinsa ba.

Don haka 'yar uwa ta Zariya, ki bar gardama da rediyo. Ki sayi ɗan littafin rubutu na 'yan makaranta, ki zaɓi kaya goma ko sha biyu da gidanki ba ya rabuwa da su: shinkafa, masara, wake, mai, sukari, sabulu, gawayi ko gas, kuɗin abin hawan yara. Ki riƙa rubuta kuɗinsu a makon farko na kowane wata, wajen mutumin da kika saba saya, da ma'auni iri ɗaya. In ƙulli ne ko kashi, ki juye a kofi ko ki ƙirga ki rubuta, kada ramar ta wuce ki. In kaya ya ɓace a kasuwa kika koma wani, shi ma ki rubuta. Bayan wata uku, ki bari sai ya ci ya ƙoshi, ki kawo masa littafin cikin ladabi ku duba tare. In kuma ya ce bai yarda da rubutun ba, to ki miƙa masa biro da jerin kayan, ran Asabar ya leƙa kasuwar Sabon Gari ya cike shafin wata na huɗu da hannunsa.

Ki rubuto mini yadda kuka ƙare. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.